Ƙarin da Na Yi wa Gwaggo Talatu

Ramin caji ne kawai ya lalace. Da wannan nake farawa duk ranar da samarin da suka kafa tebura a layinmu suka shigo rumfata fakewa ruwa, suna hirar cewa gyaran waya ba wani abu ba ne, ka kalli bidiyo sau biyu ka zama gwani. Nakan bar su su gama, sannan in ce su gyara zama su ji labarin aikin minti ashirin da har yau bai sake ni ba.

Waya ce ƙarama baƙa, an ɗaure ta da roba don murfin bayanta ya saki. Gwaggo Talatu ce ta kawo ta, tun daga unguwar Kassalafam a ƙafa, ta kwance ta daga bakin mayafi ta ɗora a teburina. Ƙawar mahaifiyata ce, ko da yake mahaifiyata ta girme ta nesa ba kusa ba. Ta san ni tun ina yawo ba wando, shi ya sa har gobe Bala take kirana, ba Malam ba komai, ga furfura ta cika mini gemu.

"Bala, ta daina shan wuta. Sai na karkata igiyar na danne da kofi, sannan ta ɗan lasa."

Na sa gilashi a ido na leƙa ramin. Tsatsa ce da datti, abin da damshin Douala ke yi wa duk wani ƙarfe da ya kwana a garin nan.

"Zauna, Gwaggo, yanzu za ki tafi da abarki."

"Ka dai bi ta a hankali. Malam yana ciki."

Kowa a unguwa ya san abin da take nufi. Malam Isiyaku, mijinta, direban babbar mota ne, shekara da shekaru yana ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa arewa, Ngaoundéré, Garoua, har bakin iyakar Chadi. Bai yi boko ba, ita ma haka. Da aka samu wayar da ake tura murya, sai ya zama duk inda ya tsaya sai ya aiko mata. "Amarya, na wuce Bertoua, kin sha maganinki?" Shekara arba'in da aure yana ce mata Amarya. "Amarya, taya ta fashe, amma kada ki gaya wa Rakiya." 'Yarsu ke nan. Ana jin ƙugin inji a bayansa, wani lokaci har taunar goronsa ana ji. Ya rasu shekara biyu kafin wannan ranar, a gida, bayan gajeriyar jinya. Saƙonnin nan sun haura hamsin, kuma babu su a ko'ina sai cikin wannan 'yar baƙar waya. Kullum bayan sallar asuba sai ta kunna ɗaya, ta saurara, sannan ta ɗora kununta.

Kafin in faɗi abin da na yi mata, sai kun san inda hannun da ya yi shi ya fito.

Ni ba da waya na fara ba. Rediyo na koya, wajen marigayi Malam Garba Rediyo, a wani shago bayan kasuwa da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita da ƙafarsa waje. Shekarata ta farko ban taɓa rediyo ba. Shara ce, da ɗebo ruwa, da hura gawayi, don in wuta ta ɗauke a kan gawayi muke gasa ƙarfen narka dalma. A shekara ta biyu ya fara ba ni matattun rediyo in kwance in mayar, in kwance in mayar, har sai da na san kowace ƙusa da raminta. Kayan aikinsa duka cikin gwangwanin madara ɗaya suke: turnabis uku na kwance ƙusa, matsi, almakashi, da tsohon buroshin haƙori, sai mita mai allura da yake rataye ta a bango. Buroshin nan ya fi kowa aiki. Ku da kuke yi mini dariya don ina da irinsa a teburi, rabin wayoyin da kuke canza wa rami, goga kawai suke nema.

Rediyo ta farko da na gyara ni kaɗai, ta wani tsoho ce mai sayar da tabarma. Lasifika ce ta mutu. Na canza, ta yi magana, daɗi ya kashe ni. Sai na kama murɗa ta ina jin tashoshi, na samu inda ake kiɗan makosa, na sha rawata a zaune, na kashe na miƙa masa. Washegari da sassafe ga tsoho ya dawo, ransa a ɓace. Ya ce mun lalata masa rediyo, ta manta Hausa. Ashe shekara da shekaru bai taɓa murɗa ta ba. Ɗansa ne ya saita masa inda ake labaran Hausa, shi kunnawa da kashewa kawai ya sani. Malam Garba ya nemo masa tashar, ya ɗiga jan farce a kan gilashin daidai inda allurar take, ya ba shi haƙuri har bakin hanya. Da ya dawo sai ya kama kunnena ya murɗa yadda na murɗa rediyon.

"Abin da aka kawo shi za ka gyara. Kada hannunka ya wuce inda aka aike shi. Kaya ba naka ba, ba ka san abin da mai shi ya ajiye a ciki ba."

Na ji, na kuma riƙe. Matsalar ita ce ina da wani malami a gida, kuma karatunsa ya riga na Malam Garba shiga kaina.

Mahaifina ɗan goro ne. Kakana ya zo daga ƙasar Katsina da fatauci, ya ga unguwar New Bell a nan Douala ya ajiye kaya, mu kuma nan aka binne cibiyarmu. Baba ba ya sallamar mai saye hannu sake. Ka sayi goro goma, sai ya ɗora na sha ɗaya, kuma ba ruɓaɓɓe ba, mai kyau zai zaɓa. Matan kudu masu saye wajensa suna ce masa kado, mu muna cewa ƙari. Yakan ce ciniki na kowa ne, ƙari shi ne naka, shi ke dawo da mutum. Ba shi kaɗai ba. Mai nama zai ɗora yanka ɗaya, mai ƙosai za ta jefa guda biyu, haka muka taso muka gani. Kuma ƙari ba a tambaya. Ba wanda zai ce maka, "In ƙara maka?" Ɗorawa ake yi kawai, kai kuma ka yi godiya.

Da rediyo ta mutu waya ta gaji gidan, na bi ta. Na sha wuya ba kaɗan ba, mutum da iyalinsa ya koma ɗalibi. Na ƙona wayoyin kaina biyu kafin in gane yawan zafin da allon ciki ke ɗauka. Na koyi canza fuska, da ɗaga batirin da aka liƙe ba tare da na huda shi ba, da wanke wayar da ta faɗa kwata lokacin damina. Ku sani, wayar da ta sha ruwa ba a kunna ta, komai roƙon mai ita. Ku kwance, ku goge, ku bar ta ta bushe kwana biyu. Zancen binne ta a shinkafa kuwa, ku bar wa masu dafa shinkafa.

Da hannuna ya zauna sai na fara tunanin ƙarina. Da farko goge fuska ne da tsumma mai laushi, da sabuwar roba ga wanda murfinsa ya saki. Da na ja intanet zuwa rumfa sai na samu babban ƙari. Kun san ɗan jan ɗigon nan da ke fitowa a waya, alamar masu ita sun aiko da sabuntawa, abin da muke ce wa mizajur. Mutanena ba sa taɓa shi, don yana cinye kati. Sai ka ga ɗigon ya shekara a waya. To ni in na gama aikin da aka kawo, sai in danna masa a intanet ɗina, kyauta, mai waya na zaune muna hira. Shekaru na yi ina haka, kuma alheri kawai na gani. Waya mai nauyi ta yi sauƙi, mai kashe kanta ta daina. Har daga Grand Hangar, can ƙetaren kogi, mahauta ke tsallako gada, su wuce masu gyara ashirin su zo wajena. Ana cewa wayar da ta bi ta hannun Bala kamar sabuwa take dawowa. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura da wannan magana.

Akwai kuma wani karatu da na riƙa koya wa tsofaffina, waɗanda ba sa karanta Faransanci. Kullum suna zuwa mini da tsoro, wai rubutu ya fito ya tare musu fuskar waya. Na gaji da bayani ɗaya bayan ɗaya, sai na yanke musu gajeriyar hanya: in rubutu ya fito da gida biyu a ƙasa, a danna na dama a wuce. A lokacin na dama ba ya wuce "to, na ji". Rabin tsofaffin New Bell da Kassalafam daga bakina suka ɗauki wannan, har Gwaggo Talatu.

To mu koma teburi. Na kwance wayarta, na ga ramin ya wuce goga, ƙafafunsa biyu sun cinye. Na hura masa iska mai zafi, na ɗaga shi da ɗan matsi, na share wurin, na zaunar da sabo, na bi ƙafafun da dalma ɗaya bayan ɗaya. Na sa igiya, ta kama wuta nan take ba kofi ba karkatawa. Aikin da aka aiko ni ya ƙare a nan. Sai idona ya faɗa kan jan ɗigon.

Da zan ce muku na tuna Malam Garba na yi gardama da zuciyata, da na yi ƙarya. Ko a raina bai zo ba. Abin da ya zo mini shi ne in kwafe mata muryoyin nan a ɗan katin ajiya, saboda tsaro. Na jawo aljihun tebur, katin ya ƙare. Na ce ba komai, in ta sake zuwa. Na danna.

Ruwa ya sauko, ta zauna tana ba ni labarin bikin da za a yi a layinsu. Can ta leƙo ta ga waya ta yi baƙi da ɗan zare yana tafiya.

"Me take yi haka?"

"Ƙari nake yi miki, Gwaggo."

Ta yi dariya. "Ɗan gidan goro ke nan. Allah ya ji ƙan babanka, bai taɓa bari na tashi da abin da na biya kaɗai ba."

Da ta gama, kafin ta ɗaure ta a mayafi, sai ta kunna ɗaya don ta tabbatar. Muryar Malam Isiyaku ta cika rumfa: "Amarya, ruwa ya tare mu, kuma yaron motar nan ya cinye mini burodi." Muka yi dariya tare. Ta sa mini albarka ta tafi.

Wannan ita ce shekarar da muke kira shekarar Madam. Bayan kamar kwana huɗu, muna sallar la'asar a masallacin layi, an yi sujada, wuri ya yi tsit, sai muryar mace ta fito daga aljihun wani dattijo, da Faransanci mai kyau, tana cewa ba ta gane tambayar ba, a sake faɗa. Ba wanda ya ɗago, amma na ji kafaɗun na kusa da ni suna rawa. Da aka sallame dattijon ya zo ya tsaya a kaina, kunya ta hana shi ɗaga ido.

"Malam Bala, jiya ka canza mini batir. Wace ce wannan ka sa mini a waya?"

Na karɓa na duba. Wata manhaja ce da ban taɓa gani ba, irin wadda ake ce wa ƙirƙirarriyar basira, mai amsa tambaya da ba da shawara. Ba wanda ya sauke ta. Cikin mizajur ta shigo, ta zauna a gaban fuska, ta ƙwace maɓallin gefe, da an danne shi sai ta farka ta kama magana. Aljihun dattijo ne ya danne ta a sujada. 'Yan layi suka sa mata Madam, sunan ya bi ta.

Na nemi inda ake cire ta, babu. Duk abin da mutum ya sauke da hannunsa yana da wurin gogewa, ita ba ta da shi. Iyakaci ka sa ta barci, in wata sabuntawar ta zo ta sake tashi. Ga cin batir, ga shan kati, ga cinye wuri. Masu manyan wayoyi ba su ji komai ba, wasunsu ma daɗinta suka ji, 'yan ofis na tambayarta abubuwa tana rubuta musu. Mutanena kuwa ƙananan wayoyi gare su, waɗanda dama a cike suke. Abin ya zama an sauke wa mai ɗaki ɗaya baƙuwa da akwatunanta.

Daga nan layi ya kafu a gaban rumfata, amma ba layin ciniki ba. Duk wanda na yi wa ƙari a 'yan makonnin nan ya dawo. Wani mahauci daga Grand Hangar ya ajiye tasa da ƙarfi ya ce, "Fuska na kawo maka ta fashe. Ban ce ka haɗa ni da mai surutu ba." Na sa masa ita barci, ban karɓi ko sisi ba, bai sake tsallako gada ba. Magana ta zaga cewa Bala na sa wa waya abu, wasu na cewa biyana ake yi. Na yi bayani har bakina ya bushe cewa masu ƙera waya ne suka aiko ta, ko wa ya danna haka za ta shigo. Gaskiya ne. Amma su ba su danna ba, kuma da ba za su taɓa dannawa ba. Garin neman ƙiba na samo musu rama.

A cikin duk wannan hidimar ban je Kassalafam ba. Tafiyar minti goma ce daga rumfata. Sau ɗaya ta faɗo mini a rai, ranar wata Juma'a, na ce in an sauko zan biya in sa wa tata barci in kwafe muryoyin, don na riga na sayo kati. Aka sauko da ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ruga rumfa don kada kaya su jiƙe, maganar ta bi ruwa. Wannan Juma'ar ita ta fi ci mini rai, fiye da dannawar kanta.

Mako uku da gyaran, da hantsi, na ɗago kai na gan ta tsaye. Ba ta zauna ba, ba ta tsokane ni ba.

"Bala, Malam ya yi shiru."

Na karɓa. Sunansa na nan, layukan saƙonnin na nan a jere, amma duk wanda na taɓa sai ya nuna babu komai a ciki. Na tambaye ta abin da ya faru.

"Tun da na tafi da ita take damuna da Faransanci. Rubutu ya fito, ya fito, har da hoton tsintsiya. Jiya na zo kunna Malam ya tare ni. Sai na danna na dama, yadda ka koya mini."

Na gane tun kafin ta rufe baki. Wuri ya cika, Madam ta kawo shawarar a share tsofaffin abubuwa masu nauyi da aka daɗe da ajiyewa, ta tambaya cikin ladabi, aka ce mata to. A wurinta muryar da ta shekara uku a waya shara ce. Na ce ta bar mini wayar, kada a taɓa komai, zan nema.

Ku da kuke cewa komai na dawowa in an iya kwamfuta, ku saurara. Wayoyin da can, in an goge abu yana nan kwance sai an rubuta wani a kansa. Na yanzu a kulle cikinsu yake, abin da ya tafi da wuya ya waiwayo. Na duba kwandon shara na wayar, fayau. Na duba ko tana ajiya a intanet, a kashe yake, don ba ta da katin da za ta ciyar da shi. Na jona ta da kwamfuta na bi lungu-lungu. Na hau babur zuwa unguwar Akwa wajen wani abokin sana'a da ya fi ni kayan aiki, muka wuni a kai. Kwana uku rumfata a rufe. Abin da muka samu guntu ɗaya ne da ya maƙale a wani lungu, bai kai tsawon numfashi biyu ba. Ƙugin inji ne, sai tari sau ɗaya. Ko kalma babu.

Ranar da za ta karɓa, tare suka zo da 'yarta Rakiya, wadda ke aikin ofis, tana zaune a Makèpè. Tasi ya sauke su a bakin layi. Rakiya ba ta ko gaishe ni ba, sai Tonton ɗin da take kirana, wato kawu.

"Tonton, wa ya sa ka? Ramin caji aka kawo maka. Qui t'a demandé? Wa ya ce ka taɓa mata wani abu?"

"Ba wanda ya sa ni."

"To me ya kai ka?"

In ce mata ƙari ne? Ta numfasa, sai kuma fuskarta ta ɗan saki kamar ta tuna wani abu.

"Wayar Baba fa? Ai daga can aka turo su. Dole suna ciki."

Muka kalli juna. Bayan sadakar arba'in, da aka raba kayan mamaci, wayarsa ta faɗa hannun ɗan ƙaninsa. Rakiya ce da kanta ta kawo mini ita a wanke ta tas kafin a ba shi, ni kuma na wanke, aiki mai kyau, ban bar ko ƙura ba. Na ga ta tuna. Ta juya baya tana goge ido, tana cewa da Faransanci sau nawa ta yi niyyar kwafe su a tata wayar.

Gwaggo ce ta yi magana, a hankali. "Rakiya, ba a ɗaga wa babba murya a wurin sana'arsa. Bala, abin da ka samu, kunna mini."

Na kunna. Inji ya yi ƙugi, aka yi tari, shi ke nan. Ta ce in sake. Na sake. Ta kara kunnenta sosai a karo na uku.

"Tarinsa ne," ta ce. "Na goro. Na sha gaya masa."

Na durƙusa a gabanta cikin rumfata, mutane na wucewa suna kallo, na ce ta yafe mini. Ta ce in tashi, ƙasa a jiƙe take. Ta ce Wanda ya karɓi mai muryar Shi ya karɓi muryar, ni sababi ne kawai. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na kwafe guntun a kati biyu, na ba Rakiya ɗaya, na sa wa Madam barci, na nuna wa Gwaggo cewa daga yau in rubutu ya fito kada ta danna ko'ina, ta aiko mini. Karatun nan na bi gida-gida ina warware shi wajen tsofaffina, amma abin da ka shekara goma kana koyarwa ba ya fita a mako ɗaya.

Ciniki ya dawo a hankali, ko da yake bai koma yadda yake ba. Madam ma tana nan, yanzu kusan kowace waya da irinta take zuwa, kun saba da ita har kuna hira da ita. Ni ba faɗa nake da ita ba. Abin da nake so ku gane, a zamanin Malam Garba in ka rufe bayan rediyo, abin da ka bari a ciki shi mai ita zai tarar. Yanzu kuwa akwai wasu can nesa da ke da hannu a cikin wayar da ke teburinka, ba su san Gwaggo Talatu ba, ba su san Kassalafam ba, kuma kai ne ƙofar da suke shigowa ta ita. Shi ya sa kuke jin ina yi wa mai waya tambayoyi kamar alƙali kafin in ɗauki turnabis. Me ke ciki da ba ka son rasawa? Akwai shi a wani wuri? Kuna cewa tsoho na ɓata lokaci, kafin in gama tambaya kun gama waya biyu. Ku ci gaba da gudu. Ni dai katin ajiya ba ya ƙarewa a aljihun teburina, kuma jan ɗigon nan ba na taɓa shi sai mai waya ya ji abin da zai iya biyo baya, ya ce in danna da bakinsa.

Na ɗauka Gwaggo ba za ta sake tako rumfata ba, kuma da ban ga laifinta ba. Masu gyara sun fi goma tsakanin gidanta da nan. Sai bayan damina ta wuce, wata safiya, na ji sallamarta. Ta kwance bakin mayafi ta ajiye 'yar baƙar wayar, bayanta ya ɗago har roba na neman tsinkewa.

"Bala, cikinta ya kumbura."

"Batir ne, Gwaggo. Zauna."

Ta zauna. Na ɗaga tsohon a hankali, na sa sabo, na rufe, na kunna. Fuskar duk shatin yatsa da maiƙo. Hannuna ya kai ga tsumman gogewa da kansa, yadda ya saba shekara da shekaru. Sai ta ɗora yatsunta a kan tebur.

"Bala, wannan karon ban da ƙari."

Ba da faɗa ta faɗa ba, har da ɗan murmushi. Na ajiye tsumman. Na miƙa mata da hannu biyu. Ta lalubo wurin da Rakiya ta nuna mata, ta danna, ta kara a kunne. Daga inda nake ina jin ƙugin injin, sannan tarin.

"Yana nan," ta ce.

Ta ɗaure shi a bakin mayafi ta tafi. Akwai jan ɗigo a fuskar wayar, na gan shi tun da na kunna ta, na bar shi inda yake.